Ranar Wanka Ba A Ɓoyon Cibi

Akwai wasu kalmomi guda biyu waɗanda duk wanda ya taɓa raka majinyaci ɗakin ɗaukar hoto a asibitocinmu ya sha jin ana jefo su daga bakin ƙofa da babbar murya: "Cire komai!" Ba a faɗi dalili ba, ba a faɗi abin da ake nufi da komai ɗin ba, balle a faɗi inda za a ajiye shi. Tsohuwar da ta yi sammako daga ƙauye sai ta zare 'yan kunnenta, ta kwance sarƙa, ta miƙa wa wanda ya rako ta. Amma jigidar da ke ƙugunta, da layar da ke ƙarƙashin ɗankwali, da fil ɗin da ta maƙale mayafi da shi, sai su bi ta ciki, domin babu wanda ya ambace su, ita kuwa ba za ta ambace su da bakinta a gaban maza ashirin da ke jere a kan benci ba.

'Yan'uwa ɗalibai, mu ba mu da ja game da wannan umarni, domin umarni ne na gaskiya, kuma za mu nuna dalilinsa. Abin da muke ja da shi shi ne yadda ake ba da shi. Umarnin da ba ya tare da bayani, ba ya tare da sirri, ba ya tare da amana, ɓoyo yake haifarwa, ɓoyon nan kuwa shi ke ɓata hoto, shi ke ƙona fata, wani lokaci ma shi ke kai mutum kushewa. Laifin ya rabu uku: akwai na asibiti, akwai na majinyaci, akwai kuma namu, mu 'yan boko da ake ɗauka rakiya don wai mun san kan abubuwa.

Tun ran gini tun ran zane. A watan Nuwamba na 1895 wani masani Bajamushe, Wilhelm Röntgen, ya gano hasken nan mai ratsa tsoka, kuma kafin ƙarshen Disamba ya ɗauki hoton hannun matarsa. Duk wanda ya ga wannan hoto zai ga ƙasusuwan yatsu, zai kuma ga wani dunƙule a kan ɗaya daga cikinsu wanda ya rufe ƙashin da ke ƙarƙashinsa. Zobenta ne. Watau tun a hoton da ya buɗe wannan fanni, kayan ado ya tsaya tsakanin mai dubawa da abin da yake son gani. Shekara 130 da wani abu ke nan, amma har yau ba mu samu wanda zai tsaya ya fassara wa iyayenmu wannan darasi cikin harshen da suke ji ba.

Darasin kuwa ba shi da wuya. Hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi yana ratsa iska da tsoka cikin sauƙi, ƙashi yana tare shi kaɗan, ƙarfe kuwa yana tare shi kusan gaba ɗaya. Saboda haka duk inda ƙarfe yake sai ya fito fari fat a jikin hoton, ya lulluɓe abin da ke bayansa. Nijeriya tana cikin ƙasashen da suka fi yawan masu tarin fuka a duniya, kuma sanin likitoci ne cewa wannan cuta ta fi son saman huhu, daidai wurin da sarƙar wuya take kwanciya, daidai wurin da jelar kitso take sauka. Haka nan duwatsun jigida na gilashi suna iya fitowa a hoton ciki, su rufe tsakuwar ƙoda ko ta mafitsara, ko su yi kama da ita. 'Yan kunne suna jefa inuwarsu a kan muƙamuƙi idan ana ɗaukar hoton haƙora. Hoda da man hammata suna iya barin ɗige-ɗige a hoton mama, waɗanda suke kama da alamun da ake nema na ciwon daji. Ko dai a rasa ganin cutar da ke nan, ko a ga wadda ba ta nan, kuma duka biyun asara ce.

Na'urar siti-sikan, wadda Godfrey Hounsfield ya ƙirƙiro aka fara gwada ta a kan majinyaci a London a 1971, da irin wannan haske take aiki, sai dai tana kewaya jiki tana ɗaukar sa yanki-yanki. A nan ɗan ƙaramin ƙarfe ba tsayawa yake yi wurinsa ba, tartsatsi yake watsawa, fari da baƙi, ya ratsa yankin gaba ɗaya. Idan hoto ya ɓaci sai a sake, sakewa kuwa kuɗi ne, layi ne, kwana ne a garin da ba naka ba. Bugu da ƙari, hasken da jiki ke sha a siti-sikan na ciki guda ɗaya ya ninka na hoton ƙirji sau gommai, ba abin da za a riƙa maimaita wa mutum ba ne saboda zif ko maɓalli. Sikanin da ake yi wa masu juna biyu kuwa da amo yake aiki, don haka babu ruwansa da 'yan kunne ko zobe, sai abin da ya tare wurin da za a ɗora na'urar. Kun ga ke nan ko kalmar "komai" ɗin ma ba daidai take a kowane ɗaki ba.

Inda maganar ta fi nauyi shi ne ɗakin hoton maganaɗisu, wanda likitoci ke kira em-ar-ai. Wannan na'ura ba ta amfani da wancan haske ko kaɗan. Wani ƙaton mayen ƙarfe ne mai rami a tsakiya, ana tura mutum ciki. Ana auna ƙarfinsa da ma'aunin tesla, kuma manyan na'urorin da aka fi amfani da su a duniya masu tesla 1.5 ne ko 3. Mai tesla 1.5 ya ninka maganaɗisun duniya, wanda ke juya allurar kamfas, kusan sau 30,000. Abin da ya kamata kowa ya haddace shi ne, irin wannan mayen ƙarfe ba a kashe shi. Ko ana ɗaukar hoto ko ba a ɗauka, ko da rana ko da tsakar dare, ko an ɗauke wuta, yana nan da ƙarfinsa, domin wutar da ke cikinsa tana kewaya ne a wayoyin da aka sanyaya da ruwan heliyam. Wanda ya leƙa ya ga ɗakin shiru ya ce ai injin a kashe yake, ya yi wa kansa mummunar fassara.

Haɗarinsa iri uku ne. Na farko fizga: duk abin da ke da baƙin ƙarfe a cikinsa, makulli ne, fil ne, wuƙa ce, almakashi ne, zai iya tashi sama kamar an harba shi. A watan Yuli na 2001, a wani asibiti a jihar New York ta Amurka, tukunyar iskar oksijin ta kuɓuce ta faɗa ramin na'urar, ta kashe wani yaro ɗan shekara 6 da ke kwance ciki. A Janairun 2018 wani mutum ya rasu a birnin Mumbai na Indiya bayan ya shiga ɗakin riƙe da irin wannan tukunya, shi kuwa rakiya ya je. A Yulin 2025, a Long Island kusa da birnin New York, wani mai shekara 61 ya shiga ɗakin da ake ɗaukar matarsa hoto, da wata sarƙar ƙarfe mai nauyi a wuyansa, na'urar ta fizge shi, washegari ya cika. Ku lura, biyu daga cikin ukun nan ba su ne marasa lafiyar ba. Irinmu ne, 'yan rakiya.

Na biyu ƙuna, kuma ita ce ta fi yawa ko da yake ba ta cika shiga labarai ba. Na'urar tana aika igiyoyin rediyo cikin jiki, su kuwa suna tayar da wutar lantarki a jikin duk wani ƙarfe, musamman wanda ya yi zobe ko da'ira, sai ya ɗauki zafi. Da aka bi diddigin rahotannin da aka kai wa hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka daga 2008 zuwa 2017 game da raunukan wannan na'ura, fiye da rabinsu na zafi da ƙuna ne. A Disambar 2020 hukumar ta yi gargaɗi bayan wani majinyaci ya ƙone a fuska saboda ƙarfen da ke cikin takunkumin da ya sa. Idan ɗan wannan ya isa ya ƙona fuska, ina ga leshi mai zaren ƙyalli, da rigar mama mai waya, da sarƙar ƙafa? Na uku kuwa shi ne ɓata hoton kansa, domin ƙarfe yana karkatar da maganaɗisun da ke kewaye da shi. Kwalli da sauran kayan kwalliyar ido ma suna iya dagula hoton ido da abin da ke kusa da shi.

A nan ne wata za ta ce, "Ai nawa gwal ne, mayen ƙarfe ba ya kama gwal." Gaskiya ne tsantsar zinariya ba ta amsa kiran maganaɗisu. Amma wa ke sa tsantsar zinariya? Gwal mai karat 18 kashi 75 cikin 100 ne zinariya, mai karat 21 kashi 87.5, ragowar wasu ƙarafa ne aka gauraya, kuma ɗan maƙullin sarƙa sau da yawa akwai ƙaramar wayar baƙin ƙarfe a cikinsa. Mafi yawan abin da ke wuyan 'yan makaranta ma ruwan gwal aka shafa wa wani ƙarfe. Ko da an gwada da mayen ƙarfen gida bai kama ba, wannan bai zama shaida ba, domin zinariya da azurfa da jan ƙarfe duk suna ɗaukar wutar lantarki, saboda haka duk suna iya yin zafi. Hukuncin abin da zai shiga da wanda ba zai shiga ba na ma'aikacin ɗakin ne, ba na mai kaya ba.

To, tun da haɗarin ya kai haka, me ya sa mutane suke ɓoyewa? Amsar da aka saba bayarwa a ofisoshi ita ce jahilci. Mun ƙi wannan amsa, domin amsar malalata ce. Ruwa ba ya tsami banza, kuma mai ɓoyewa yana da dalilansa, waɗanda duk mai son gyara tilas ya dube su.

Akwai kunya. Jigida ba kayan nunawa a bainar jama'a ba ce, tsakanin mace da ɗakinta take. Wanda ya tsaya a bakin ƙofa, namiji, sa'an ɗanta ko jikanta, yana jiran dattijuwa ta ce masa akwai abu a ƙugunta, bai san mutanen da yake yi wa aiki ba. Haka ita ma ɗalibar da ta yi hujin cibiya ko na harshe ba da sanin gida ba, ga mahaifiyarta tsaye a gefe, ga ma'aikaciyar da ta san in ta ji sai ta yi mata wa'azi da harara. Ra'ayinmu a kan irin wannan huji ya sha bamban, kuma akwai wuraren da suka dace a yi wannan muhawara. Ɗakin hoto ba ya cikinsu. Ma'aikacin da ya mai da teburinsa kotun ɗa'a ya koya wa mai zuwa gobe ta rufe bakinta.

Akwai dukiya. A ƙasar Hausa gwal ɗin mace shi ne asusunta, shi take sayarwa ranar da ta ɓaci, wataƙila ma ɗan'uwan wanda ke kunnenta ta sayar ta biya kuɗin hoton. A ce mata ta zube shi a kan tebur, babu akwati mai makulli, babu rasit, babu shaida, sa'an nan a yi mamakin ta tura shi cikin lalitarta ta shiga da shi? Wanda ya nemi a ba shi amana, shi ya kamata ya fara tanadin ma'ajiya.

Akwai tsoron toshewar huji, kuma tsoro ne mai tushe. Hujin ƙasan kunne yakan ɗauki mako 6 zuwa 8 kafin ya warke, na guringuntsin saman kunne da na cibiya kuwa watanni, har ya kan kai shekara. Sabon huji yana iya fara rufewa cikin sa'o'i kaɗan idan aka bar shi babu komai, musamman na harshe. Maganin wannan ba sabo ba ne a wurinmu, domin kakanninmu zare ko tsinke suke sa wa jaririya a kunne don kada hujin ya toshe. Na zamani shi ne ɗan maƙali na roba ko na gilashi mai tsabta, wanda ake sawa a madadin na ƙarfe har a gama. Da a ce ana gaya wa mutum tun ranar da aka ba shi takardar zuwa hoto, da ya koma wurin wanda ya yi masa hujin an sauya masa cikin natsuwa, maimakon a tsaya ana murɗa ɗan hanci da ƙarfi a bakin ƙofa har jini ya fito. Wanda kuma ba shi da gaggawar yin sabon huji, alhali ya san an sa masa ranar hoto, ya dakata har a gama. Akwai kuma abin da ba ya fita da daɗi: zoben da yatsa ya kumbura a cikinsa, munduwar da aka sa tun ƙuruciya hannu ya girma a kanta, azurfar da aka kitse cikin gashi, haƙorin Makka. Wani sabulu ko zare ya isa ya fid da shi, wani sai an yanka, wani kuma idan ya yi nisa da wurin da za a ɗauka a hoton ƙashi ko siti-sikan ana iya barin sa. Amma duk wannan shawara ba ta yiwuwa sai an san abin yana nan.

Sa'an nan akwai laya da guru da kambu. Halaccinsu ko haramcinsu magana ce ta malamai, ba mu shiga ba. Abin da ya shafe mu shi ne, abu ne ɗinkakke cikin fata, kuma sau da yawa mai shi kansa bai san abin da aka ɗinke ciki ba, ko takarda ce kaɗai, ko akwai allura ko ɗan guntun ƙarfe. Wanda aka ce masa kada ya raba ta da jikinsa ba zai cire don an daka masa tsawa ba. Zai fi saurin cirewa idan aka ce, "Baba, injin nan yana jan ƙarfe, ba mu san abin da ke ciki ba, ga ɗanka nan zai riƙe maka, da ka fito ka mayar." Haka nan a tambayi maƙeri da mai walda da bakanike ko tartsatsin ƙarfe ya taɓa shiga idonsu, a tambayi wanda aka taɓa harbi ko akwai sauran harsashi a jikinsa. Tun 1986 likitoci suka ba da rahoton mutumin da ya rasa ganin ido ɗaya a cikin wannan na'ura saboda ɗan guntun ƙarfen da ya daɗe a idon.

Za a ce mana ma'aikata kaɗan ne, layi kuwa dogo, babu lokacin hira. Mun yarda ma'aikata kaɗan ne, mun kuma san da yawansu suna aiki fiye da ƙima, akwai ma waɗanda suke yin duk abin da muke nema ba tare da kowa ya gode musu ba. Amma a yi lissafi: minti biyu na bayani, ko kuwa sake hoto gaba ɗaya, wanne ya fi cin lokaci? Daɗin daɗawa, bayanin nan ba alfarma ba ne. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, a sashe na 23, ta ɗora wa ma'aikacin lafiya nauyin yi wa majinyaci bayani, kuma gwargwadon iko cikin harshen da yake ji, tare da lura da matsayin karatunsa. Kundin haƙƙoƙin majinyata da Mataimakin Shugaban Ƙasa na lokacin, Yemi Osinbajo, ya ƙaddamar a Yulin 2018 ya ambaci haƙƙin samun bayani da na sirri da na mutuntawa. Takardar tambayoyi da aka rubuta da Turanci zalla, aka miƙa wa wadda ba ta taɓa shiga aji ba ta dangwala yatsa, kare kai ne kawai asibiti ya yi, bai kare majinyaciya ba.

Yanzu sai mu juyo kanmu, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mu ne ake tasowa daga makaranta ko daga ofis a ce mu raka Inna ko Baffa asibiti, mu ne muke karɓar takardar nan mu cike ta a tsaye, muna zana "babu, babu, babu" ba tare da mun juya mun tambayi mai jikin ba. Wani don gaggawa, wani don nauyin tambayar mahaifiyarsa abin da ke ƙugunta, wani kuwa don kada ma'aikaci ya gane daga gidan masu laya ya fito. Wannan na ƙarshe shi ya fi muni, domin ya sayar da lafiyar tsohonsa don ya sayi sunan wayewa. Ilmin da bai iya fassara wa uwa abin da zai cece ta ba, ina amfaninsa? Akwai kuma masu baza jita-jita a ɗakunan kwana cewa injin yana tsinke kunne, yana zuƙe jini, har wata ta fasa zuwa hoton da ta biya kuɗinsa. Tsoratarwa irin wannan da sakaci duk gida ɗaya suke kai mutum.

Saboda haka ga abin da muke kira a yi, kuma babu ɗaya a ciki da ke bukatar kuɗin waje. Asibitoci su rubuta tambayoyinsu da Hausa, da boko da ajami, su ambaci abubuwa da sunayensu: 'yan kunne, ɗan hanci, jigida, sarƙar ƙafa, awarwaro, fil, laya, guru, kwalli, haƙorin Makka. A ba majinyaci wannan takarda ranar da aka sa masa lokaci, ba ranar ɗaukar hoto ba. A yi tambayar a keɓe, mace ta tambayi mace, ba tare da 'yan rakiya sun ji ba. A tanadi rigar asibiti da wurin sauya kaya mai labule, da akwati mai makulli da rasit. A tantance ɗan rakiya kamar yadda ake tantance majinyaci kafin ya taka ƙofar ɗakin maganaɗisu. Hukumar rajistar masu ɗaukar hoton asibiti, wadda aka kafa tun 1987, da sassan jami'o'inmu da ke horar da su, su mai da iya yi wa majinyaci bayani cikin harshensa wani ɓangare na jarrabawa. Ƙungiyoyin ɗaliban Hausa da na ɗaliban likitanci kuwa, me zai hana su zauna yini ɗaya su fassara takardar nan su miƙa kyauta?

Ku kuma 'yan'uwa, maza da mata, ranar da aka sa muku ko aka sa wa naku, a bar gwal a gida, a je da tufafi marasa ƙarfe, a wanke ido, a sauya abin huji tun da wuri. Abin da ya ƙi fita a faɗe shi, abin da ake shakka a kansa a faɗe shi, abin da ake jin kunyarsa a nemi keɓewa a faɗe shi. Idan ba a tambaye ku ba, ku ku tambaya, domin matambayi ba ya ɓata. Wanda ya yarda a leƙa cikin ƙashinsa da ƙwaƙwalwarsa ya riga ya zo wanka, ranar wanka kuwa ba a ɓoyon cibi. Sai dai wajibi ne a kan mai gidan wankan ya kafa zana.